Kafin ka ɗora sito ko BQ a tsakar gidanka, ga lissafin da ya kamata ka fara yi

Yawancinmu da zarar mun sayi fili mun zagaye shi da katanga shi kenan, a ranmu duk abin da ke cikin katangar nan sai yadda muka ga dama. Bana a ɗora sito a kusurwa saboda buhunan masara sun cinye ɗakin yara, baɗi a yi rumfar mota, shekara ta zagayo yaro zai yi aure a tayar masa da ciki da falo a baya, can kuma a fasa katangar gaba a fitar da shago biyu don a riƙa samun na cefane. Kowanne a cikinsu akwai dalilinsa mai kyau, babu wanda ya yi don ɓarna, amma in ka haɗa su sai kaga tsakar gidan da yara ke wasa a da ya koma wani siririn lungu da ko shanya bata bushewa, ruwan sama ya rasa inda zai bi, maƙwabci ya daina amsa gaisuwa da sakin fuska, wata rana kuma a wayi gari da jan fenti a bango. To wannan rubutun na wanda yake da fili ko gida ne a cikin gari, musamman irin su Kano da Kaduna da Abuja, kuma yana son ƙara wani ɗan gini a cikin gidansa, kamar sito ko BQ, wato ɗakunan da ake yi daban da babban gida, ba tare da ya jawo wa kansa asara ba.

Abu na farko da zaka riƙe shi ne filin nan a dokance ba naka bane ɗungurungum. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani, shi yasa takardar C of O, wato shaidar mallakar fili ta gwamnati, take zuwa da wa'adi, galibi shekara 99 in na gidan zama ne, kuma a jikinta an rubuta abin da aka baka filin dominsa. Sai dokar tsara birane ta 1992, ita ce ta ce kafin ka yi gini sai ka nemi izini, kuma abin da take kira gini yana da faɗi sosai, duk wani aikin gini a kan ƙasa ko a ƙarƙashinta da canja amfanin wuri da ma rushe gini duk sun shiga. Kenan sito ya shiga, ɗakin maigadi ya shiga, shago kuwa ba a magana. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya cewa tsara gari hurumin jihohi ne, don haka kowace jiha da nata ƙa'idojin da nata ofishin. A Kano KNUPDA ce, a Kaduna KASUPDA, a Abuja kuma sashen kula da gine-gine ne da ke ƙarƙashin hukumar kula da birnin, AMMC. Ma'anar wannan a aikace ita ce kada ka yi aiki da adadin da wani abokinka na Gwarimpa ya faɗa maka alhali filinka yana Ɗanbare ko Rigasa, ofishin garinka zaka je.

Kafin ka je ɗin ka san wane irin fili gareka. In awon gwamnati ne akwai taswirar unguwar gaba ɗaya a ofis, da lambar fulotinka da faɗin titin da ke gabanka da inda aka tsara magudanar ruwa zata bi, kuma an riga an ware unguwar ko ta masu manyan filaye ce irin su Nasarawa GRA ko ta cunkoso ce, wannan rabon shi ke yanke yawan ginin da za a barka ka yi. In awon igiya ne, wato gona ce aka yanka dillalai suka sayar da shaidar mai unguwa, to aikinka ya ɗan fi yawa, zan dawo kansa a gaba. Ɗauko takardunka ka karanta su da kyau, in baka gane ba ka kai ofishin filaye, wato KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja a duba maka. Sannan ka nemo bikon ɗin filinka, waɗannan guntayen simintin da safiyo ke binnewa a kusurwa huɗu. Mutane da yawa suna ɗauka katanga ita ce iyaka, alhali sau da yawa birkila ne kawai ya ja igiyarsa inda ya ga ya miƙe, wani ya ci ƙafa biyu na titi wani ya bar ƙafa ɗaya na kansa a waje. Ma'aikaci in ya zo awo daga bikon zai fara ba daga katangarka ba. In sun ɓace ka kira safiyo mai rajista da hukumar safiyoyi SURCON ya fito maka da su, kuɗin da zaka bashi bai kai asarar da zaka yi in an ce ka rushe ba.

In ka isa ofis ga abin da zaka tambaya, kuma dan Allah ka nemi a rubuta maka ko a nuna maka a takarda, kada ka tsaya a kan maganar baka ta wanda ka haɗu da shi a baranda. Tazara nawa zan bari tsakanin gini da iyakata ta gaba da baya da gefe-gefe, abin da suke cewa setbak. Kashi nawa cikin ɗari na filin aka yarda in rufe da gini. Ƙananan gine-gine irin su sito da BQ da ɗakin janareta ana yarda su jingina da katangar baya ko su ma sai sun ja. Rumfar mota mai ƙafafun ƙarfe ana lissafa ta cikin gini ko ba a lissafawa. Amsar tambayoyi biyun ƙarshen nan ita ce ta fi bambanta daga gari zuwa gari, kuma ita ce ainihin wadda ta shafi mai son yin sito.

Yanzu mu zo kan lissafi, nan ne nake so a zauna da biro da takarda. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 a mita kusan 15 ne a 30, wato murabba'in mita 450. Adadin da aka fi ji a bakin masu tsara gari a Najeriya shi ne mita 6 a gaba, mita 3 a baya, mita 3 a kowane gefe. Cire 3 da 3 daga faɗin 15 saura 9. Cire 6 da 3 daga tsawon 30 saura 21. Tara sau ashirin da ɗaya ya baka 189, wato kashi 42 cikin ɗari na filinka kenan babban gida zai iya zama a kai. Kaga tun kafin a zo maganar kashi nawa aka yarda ka rufe, tazara kaɗai ta riga ta cinye fiye da rabin filin. In filinka 100 a 100 ne labarin ya canja, 30 a 30 ya zama 900, bayan tazara saura 24 a 21 wato 504, a nan in an ce maka rabin fili kawai zaka rufe to 450 ne iyakarka, ƙa'idar kashi ce ta kama ka ba ta tazara ba. Mai 50 a 50 kuwa in aka bi wancan adadin sak abin da zai rage masa 9 a 6 ne, mita 54, ɗaki biyu da ɗan falo, shi yasa a unguwannin cunkoso sai ka tambaya takamaimai abin da ake aiki da shi a irin girman filinka maimakon ka yanke wa kanka hukunci cewa dokar bata yiwuwa don haka ba sai ka je ba.

Ka ɗauki wannan kason da aka baka kamar kuɗin cefanen wata, duk abin da ka saya daga ciki yake fita. Mu ce filin 450 ne an ce maka kashi 50, kana da 225. Babban gida ɗaki uku da falo da kicin ya ci 160. BQ ɗaki biyu da banɗaki 35. Ɗakin maigadi 6. Rumfar mota biyu 30 in ana lissafa ta. Ka tara zaka samu 231, ka riga ka wuce da 6 kuma ko harsashin sito baka haƙa ba. Sannan awo daga wajen bango ake yi ba daga ciki ba, siton da cikinsa mita 3 a 3 ne in an yi shi da bulo mai inci 6 daga waje ya zama 3.3 a 3.3, kusan mita 11 kenan ba 9 ba, in mai inci 9 ne ya kusa 12. Ƙananan abubuwa ne amma su ke haɗuwa su tsallaka da mutum layi.

Akwai abin da ke damuna a nan kuma sai na faɗa. Wannan tsarin na barin fili a gaba da baya da gefe gida ya zauna a tsakiya daga Ingila ya zo mana, ta hanyar dokokin Turawan mulki irin ta 1917 da ta 1946, an yi shi ne don gida irin na GRA. Gidan Bahaushe kuwa akasin haka ne, ɗakuna suna jingine da katanga, zaure yana bakin hanya, sarari yana tsakiya inda mata zasu yi girki su yi daka su sha iska ba tare da idon waje ya gansu ba. Duka biyun manufarsu ɗaya, haske da iska su shiga ɗaki. Matsalar da muka faɗa ciki yanzu ita ce mun ɗauki rabin wannan mun ɗauki rabin wancan, mun dasa babban gida irin na Turawa a tsakiyar fili sannan muka bi katanga muka jera ɗakuna irin na kakanninmu, sai aka rasa sararin tsakiya aka rasa na gefe. Ni a ganina wannan shi ne babban kuskuren da ake yi a sababbin unguwanni, ya fi maganar takarda ma. Don haka in kana son tsakar gida na gaske ka faɗa wa akitet ɗinka, wato mai zana maka gini, tun farko ya zana gidan kamar harafin L ko U a cikin wurin da aka yarda ka gina, sito ya zama ɓangare na babban ginin yana buɗewa ta tsakar gida kusa da kicin. Ya fi arha tunda bango ɗaya ko biyu an riga an yi, rufi ɗaya ne, izini ɗaya ne, uwargida kuma ba sai ta tsallaka ruwan sama ta je ɗebo shinkafa ba.

In kuma gida an riga an gama shi dole sai dai a yi siton daban, to ga yadda zaka zaɓi wuri. Baya ya fi gaba kusan kullum, saboda tazarar gaba ita hukuma ta fi sa wa ido, nan ne in za a faɗaɗa titi ko a ja kwata ko bututun ruwa ake fara taɓawa. In filinka na kan kwana ne ka sani kana da gaba biyu, gefen da ke kallon ɗaya titin shi ma ka tambayi tazararsa daban, kuma dogon gini a daidai kwanar yana tare wa direba ganin yaron da zai tsallako. Kada ka toshe hanyar gefe gaba ɗaya, ka bar aƙalla gefe ɗaya da mutum zai bi daga ƙofa har baya da baro a hannunsa, domin ranar da sokawe ya cika ta nan tiyon masu kwasa zai bi, ranar da Allah ya kiyaye gobara ta tashi a kicin ta nan iyali zasu fita. Kada bangon sito ya zo daf da tagar ɗakin kwana, ɗakin zai yi duhu ya yi zafi har abada, a watan Afrilu zaka gane abin da nake nufi. Kuma kada ka gina shi a kan murfin sokawe ko kan bututun da ya fito daga banɗaki, wannan ana yawan yi saboda wurin ne kaɗai ya rage, amma murfin ba a zuba shi don ya ɗauki nauyin bango da buhu hamsin ba.

Maganar katanga ita ma sai an yi hattara. Da yawa ana ɗora rufin sito a kan katangar da ke tsakaninka da maƙwabci don a rage kuɗin bulo. Fara tambayar kanka katangar ta wa ce, in shi ya gina a cikin iyakarsa baka da ikon ɗora ko katako ɗaya sai da yardarsa. Ko taka ce ma, harsashin katanga ba irin na ɗaki bane, galibi mara zurfi ne kuma babu linta, ka ƙara mata layi biyar na bulo da kwano iskar farkon damina ta zo ta yaye. In ofis sun yarda ka jingina da iyaka to ka tayar da bangonka daban da harsashinsa, kada ka buɗe taga ta ɓangaren maƙwabci, kuma kwanon ya gangaro cikin gidanka. Leɓen kwano ko indararo da ya leƙa ya zubar da ruwa a gidan wani yana yawan kai maƙwabta gaban mai unguwa, kuma ko babu dokar gwamnati addini ya riga ya hana, ƙa'idar ba cuta ba cutarwa a kanta malaman Malikiyya suka gina hukuncin taga mai leƙa gidan maƙwabci da ruwan da ake turawa cikin gidansa da hayaƙin da ke damunsa. Kafin ka kira birkila ka shiga gidan maƙwabcinka ka ce Alhaji ga abin da nake son yi, ga tsayinsa, ga inda ruwa zai zuba. Sau da yawa takardun ƙorafi da ke isa ofishin tsara gari daga maƙwabta suke fitowa, wanda ka shawarta kuwa da wuya ya kai ka ƙara.

Ruwa kuma a lissafa shi kamar yadda aka lissafa fili. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin mita 200 in aka yi ruwan milimita 50, irin wanda ake samu a dare ɗaya a watan Agusta, lita 10,000 kenan, jarka 400 mai cin lita 25. Da can wani kaso na ruwan nan ƙasar tsakar gida ke shanye shi, yanzu mun rufe da gini, ragowar mun malale da siminti, duka sai ya fita titi a lokaci ɗaya, gida ɗari a unguwa kowa ya yi haka, to ina lambatun da zai ɗauka. Wannan na cikin dalilan da yasa ake ƙayyade kashin da za a rufe, ba don a takura wa mai gida bane. Ka bar wani yanki na gidanka ƙasa zalla ko tsakuwa, ka dasa darbejiya ko mangwaro nesa kaɗan da harsashi, in intalok zaka shimfiɗa a ɗora shi a kan yashi ba a kan daɓen siminti ba don ruwa ya samu ya nutse. Ka kuma duba inda ruwan gidanka yake fita yanzu kafin ka sa harsashi, kada sito ya zauna a kan hanyarsa.

Mai rijiya ko bohol a gida ya ƙara da wannan: ma'aikatan lafiya suna son a samu mita 30 tsakanin ramin masai ko sokawe da inda ake ɗiban ruwan sha, in ya matse ƙwarai kada ya gaza 15. A fili 15 a 30 kaga sai ɗaya yana can gaba ɗaya yana can baya, kuma sokawen maƙwabci na bayan katanga shi ma a lissafi yake. Duk BQ ɗin da zaka ƙara da banɗakinsa yana nufin ƙarin rami ko ƙarin nauyi a kan tsohon.

Me zaka ajiye a siton shi ma yana canja tsarin. In hatsi ne ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tsayi da kamar bulo ɗaya, a sa ledar hana danshi a ƙarƙashi, a bar ƙananan tagogi a sama masu raga don iska ta ratsa ɓera bai shiga ba, buhu kuma a kan katako ba a ƙasa ba. In janareta ne ka raba shi da sito kwata-kwata, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da bata da wari bata da launi kuma tana kashe mutane a cikin barci, shawarar masana ita ce ya yi nisan kamar mita 6 da taga ko ƙofa, bakin salansa ya kalli inda ba kowa, ba tagar maƙwabci ba. Fetur a jarka da tukunyar gas da janareta kada su kwana a ɗaki ɗaya, ko da wasa. In kuma kayan sayarwa ne motoci suna zuwa suna saukewa suna lodi, wannan ya tashi daga siton gida ya zama na kasuwanci, sai ka nemi canjin manufar fili kamar yadda mai fitar da shago zai nema, in ba haka ba ka saɓa sharaɗin da ke jikin takardarka. Kwantena ma kada ka ce ai ba gini bane, ta tare fili kamar ɗaki, mai ƙafa 20 tana cin kusan murabba'in mita 15, ka tambaya kafin ka biya kuɗin motar ɗaga kaya da zata sauke ta.

Akwai wuraren da babu wani roƙo ko sanayya da zai yi aiki. Ƙarƙashin wayar wuta na ɗaya: ƙa'idar hukumar kula da wutar lantarki NERC ta ware faɗin mita 50 ga babban layi mai 330kV, wato 25 kowane gefe, mita 30 ga mai 132kV, mita 11 ga mai 33kV da 11kV, wato biyar da rabi kowane gefe. Waɗannan ƙananan biyun su ne ke ratsa unguwanni, kuma suna da haɗari sosai ga masu ɗora kwano da masu ɗaga rodi. In filinka na bakin titin gwamnatin tarayya ne irin na Kano zuwa Zariya, mita 45.72 daga tsakiyar titi kowane gefe na hanya ne. Sai bakin rafi da kan magudanar ruwa da hanyar jirgin ƙasa da ta bututun mai. Gini a irin waɗannan wuraren ko an daɗe ba a taɓa shi ba ranar da aka tashi aiki zai tafi, kuma ginin da bashi da izini da wuya mai shi ya ga diyya.

Neman izinin kansa ba wani abu ne mai ban tsoro ba in takardunka sun cika. Zaka tafi da kwafin shaidar mallaka, taswirar safiyo, zanen gini mai hatimin akitet mai rajista da hukumarsu ARCON, in da bene ko dakin, wato rufin kankare, sai an haɗa da zanen injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi COREN, galibi da shaidar biyan haraji da kuɗin ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci ga mai ƙarin gini shi ne zanen da ke nuna filin daga sama, duk abin da ke ciki yanzu da wanda za a ƙara da tazarar kowanne da jimillar kashin da aka rufe. Ka sa a zana har abin da kake tunanin yi nan da wasu shekaru, BQ ɗin yaro da rumfar mota, a duba su a tare, ka dai sani a dokar 1992 izini shekara biyu yake yi in ba a fara aiki ba sai an sabunta. Kuɗi ka biya ta banki ko ta hanyar da gwamnati ta tsara ka karɓi rasit da sunanka, wanda ya ce ka bashi a hannu zai rufe ido to ranar da aka canja shi zuwa wani ofis rufe idon ya ƙare, kai kuma baka da takardar nunawa. In izini ya fito ka ajiye kwafi a wurin aiki, kuma ranar da za a ja igiyar harsashi ka tsaya da kanka da tef a hannu, don birkila in ya ga sarari hannunsa yana son ƙara ƙafa biyu, a ganinsa taimakonka ya yi.

Mai awon igiya kuma, na san za a ce ai unguwarmu ba a zuwa. Ana zuwa, sai dai a makare, lokacin da gari ya cim mata aka zo fitar da titi da kwata. Abin yi shi ne ka sa safiyo ya auna maka filin ya fitar da taswira, ka shigar da neman takardar gwamnati a ofishin filaye, kafin ta fito kuma ka ɗora wa kanka ƙa'idar da kanka. Ja baya daga hanya fiye da yadda maƙwabta suka ja, abin da zaka sa a gaba ya zama mai sauƙin cirewa kamar rumfa, sito da ɗakuna su koma baya. Ku masu layi ɗaya ku zauna da mai unguwa ku amince a kan faɗin hanya da inda ruwa zai bi tun kafin kowa ya tayar da katanga, hadisi ya ambaci zira'i bakwai in an yi saɓani a kan faɗin hanya, yau da motar kashe gobara da tankar ruwa ke buƙatar shiga sai a ƙara a kan haka sosai. Gidan gado da aka raba shi ma haka, kafin kowa ya ja bangonsa a fitar da hanyar shiga da ta ruwa ta kowa da kowa, kuma in fili mai C of O ne raba shi gida biyu ko uku yana buƙatar amincewar hukuma. Ɗan haya kuwa kada ya ɗora ko bulo ɗaya sai da rubutacciyar yardar mai gida da bayanin wa zai mallaki ginin in ya tashi.

In ka riga ka gina ko ka tashi ka ga an shafa maka jan fenti ko an manna takardar dakatar da aiki, tsayar da aikin a ranar. Kada ka goge fentin, kada ka ce birkiloli su kwana suna yi don a rufa kafin su dawo, wannan yana mayar da ƙaramar matsala babba. Ɗauki hoton alamar da takardar, ka duba kwanan wata da wa'adin da aka baka, ka kwashi takardunka ka je ofishin da kanka washegari ka tambayi takamaimai me aka saɓa. In rashin izini ne kawai amma ginin yana cikin tazara bai wuce kashi ba, sau da yawa ana iya shigar da zanen abin da aka gina a biya tara a daidaita. In ya ci tazara ne wataƙila cire bango ɗaya ko yanke leɓen kwano ya wadatar, kuma gara ka cire da hannunka ka tsira da bulo da kwano da ƙofarka. In kana ganin an zalunce ka ne ka rubuta ƙorafi a takarda a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka nemi lauya ko ƙwararren mai tsara gari mai rajista da hukumarsu TOPREC ya duba maka kafin wa'adin ya cika.